Saukar da mota ƙasa a titunan Legas: tsayi ake fara gyarawa, alaimen ya biyo baya

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ina zaune a Agege, ina da Camry ta 2008, wadda ake kira Muscle. Wata huɗu da suka wuce na sayo koyiloba, wato shokozoba haɗe da sifirin da ake murɗa tsayinta, tokumbo a Ladipo, aka ɗaura min, aka saukar da motar kusan santimita 6 har taya ta shige cikin madigadi. Na kuma sa rim 18 da taya 225/40. A ranar aka yi alaimen. Yanzu tayoyin gaba sun cinye ta ciki, sitiyari ya karkace, motar tana fizga in na taka gaɓar gada, kuma kowane tudun rage gudu sai ta karci ƙasa. Mai alaimen ya ce kamba ce ta yi yawa, in sayo kusar kamba. Ita ce maganin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ajiye kuɗin kusar nan, wadda ake gyara kwanciyar taya da ita, tukuna. Ƙila ka buƙace ta daga baya, amma ba da ita ake farawa ba, kuma in aka ɗaura ta a motar yadda take yanzu, sababbin tayoyin da za ka saya ma haka za su ƙare. Ciwon yana wurin tsayi. A kan tsayin da mota ta zauna ake yin alaimen, duk ranar da tsayin ya motsa, lambobin da na'ura ta nuna sun tashi aiki. Kai kuwa ranar da aka ɗaura ƙafafun aka yi maka shi, sifirin da robobi ba su gama zama ba, ga shi kuma an kai motar ƙasa fiye da inda ƙafarta za ta iya aiki.

Kafin ka ɗauki maganata ko ta mai alaimen, je ka shafa tayar da tafin hannunka. Ja hannun a gicciye, daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo da shi. In ka ji santsi ta ɓangare ɗaya, ta ɗayan kuma bakin zanen yana cizon hannu, jan tayar ake yi a kaikaice, wato ba ta fuskantar inda motar ta nufa. Wannan laifin to-in ne, wato saitin tsukewa ko buɗewar bakin tayoyi in ka kalle su daga sama. Cin kamba daban yake: sumul ne, zanen yana raguwa a hankali daga waje zuwa ciki, kuma yana ɗaukar dogon lokaci. Kamba ita ce kwanciyar taya in ka tsaya a gaban mota, sama ta shige ciki, ƙasa ta fito waje, kamar mai gwame. Ita ido ke gani, shi ya sa kullum ita ake ɗora wa laifi. Amma kambar digiri ɗaya da rabi, in dai to-in yana daidai, ba ta cinye taya a wata huɗu. Abin da take yi shi ne tara nauyi a gefen ciki, sai buɗewar bakin tayoyin ta zo ta goge wurin da nauyin ya taru.

Ga lissafin da zai nuna maka girman ɓarnar. Tayar da ta kauce da rabin digiri, a kowace kilomita ana jan ta a gicciye kusan mita 9. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce, ke nan hawa ɗaya an goga tayar a kwalta sama da mita 100. Rabin digiri kuwa a rim 18 bai wuce milimita 4 ba tsakanin bakin rim na gaba da na baya, ido ba ya kama shi. Abin da ya sa saukarwa ke taɓa wannan saiti shi ne, tarod, sandar da sitiyari ke juya taya da ita, da lowa'am, hannun ƙasa da ke riƙe ƙafa, kowanne a kan tasa da'irar yake lilo. Toyota ta tsara su ne su tafi kusan tare a tsayin da ta ba motar. Da ka sauke ta santimita 6, ka kai su wani ɓangaren da'irar inda ba sa tafiya tare, sai tarod ya riƙa jan bakin taya ko tura shi duk lokacin da ƙafa ta nutse. A yawancin motoci irin taka gaba buɗewa yake. Fizgar da kake ji a gaɓar gada daga nan take: ƙafa ta motsa sama, taya ta juya da kanta, hannunka bai taɓa sitiyari ba. Babu na'urar alaimen da za ta cire wannan, domin a tsaye ake saita mota, shi kuma wannan a cikin tafiya yake faruwa.

Sai tayar da ka zaɓa, ita ma tana da hannu, kuma ita za ka fara yanke wa hukunci tunda tsayi a kanta ake auna shi. Tayar da wannan Camry ta zo da ita 215/60 ce a rim 16, faɗin da'irarta milimita 664. Taka 225/40 a rim 18 milimita 637 ce. Bambancin 27, rabinsa ne ke tsakanin mota da ƙasa, saboda haka tayar kaɗai ta saukar da kai kusan santimita ɗaya da rabi kafin a taɓa koyiloba. Motar daga kamfani tazararta da ƙasa tsakanin santimita 13 da 14 ce. Cire 6, cire ɗaya da rabi, ka ga abin da ya rage. Kuma kuncin taya, wato robar da ke tsakanin rim da kwalta, ya ragu daga milimita 129 zuwa 90. Shi ne ke fara shanye dukan rami kafin shokozoba ta ji. Wanda ke bin lungunan Mushin da kunci 90, lanƙwasar rim jiran lokaci take. Koma 225/45 a rim 18. Da'irarta milimita 660, kusan daidai da ta asali, kuncinta 101, kuma ita Toyota ta sa wa Camry da ta biyo bayan taka a masu rim 18. Duba lambar nauyi a jikin tayar ma. Ta asali 94 ce, kilo 670 kowace taya. Da yawan 225/40 da ke kasuwa 88 ne, kilo 560. Nemi mai 95.

To, nawa ya kamata a sauke? A Legas, a wannan motar, ba na wuce santimita 3, kuma biyu da rabi ya fi kwanta min a rai. Ba don ramuka kaɗai ba, ko da yake su ma sun isa hujja: tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa da tsayin da ta ga dama, gangaren da ake hawa a tsallake kwata a shiga gida, mashigar gidan mai, sannan ruwan Yuni da Yuli da ke kwanciya a Lekki da Ajah, inda kowane santimita da ka rage ya kusantar da bakin shan iskar inji ga ruwa. Botom filet, wato kwanon man inji da ke ƙasa, da bututun salansa su ne ke karɓar duka, kuma botom filet in ya fashe a cikin gosulo, kafin ka lura inji ya sha wuya.

Babbar hujjar dai tana ƙarƙashin motar. Tsaya da ita a wuri mai shimfiɗa, durƙusa ka leƙa lowa'am na gaba. Ƙarshensa na waje, inda boljoyin yake, ya kamata ya ɗan fi na ciki yin ƙasa, ko aƙalla su yi daidai. A taka ina da tabbacin na waje ya haura sama. Wannan karkata ita ke ƙayyade wurin da jikin mota ke juyawa a kai in ta shiga kwana. Idan lowa'am ya wuce kwance, wurin nan yana faɗuwa ƙasa fiye da yadda nauyin motar ya sauka, sai tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru, motar ta ƙara son kwanciya a kwana, taurin sifirin ne kawai ke ɓoye maka. Sannan a irin wannan ƙafa, wadda shokozoba ita ce ginshiƙin da ke riƙe taya, da zarar an yi ƙasa sosai taya ba ta ƙara samun kwanciyar da take buƙata a cikin kwana. Wato motar da aka kai ƙasa ƙwarai ta fi kyau a hoto, amma riƙon titi wadda aka sauke kaɗan ta fi ta. Accord ta 2008 da Lexus IS250 suna da hannu na sama da na ƙasa a gaba, su saukarwa tana ƙara musu kamba da sauri fiye da Camry. Kada ka ɗauko lambobin abokinka mai Accord ka ɗora wa taka.

Yanzu aikin. Nemi daɓen siminti da ya miƙe sosai, ba bakin titi ba, ba ƙasar gareji da ta sha mai ta yi tudu da kwari ba. Iskar taya ta zama yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba, mai rabin tanki, a kwashe tarkacen but a bar safaya da jak. Awo daga tsakiyar rim ake yin sa zuwa bakin madigadi, ba daga ƙasa ba, don kada iska da cin taya su shiga lissafi. Na san ba ka auna motar ba kafin a sauke ta, kusan babu mai yi. Ba matsala, Muscle ta cika garin nan. Samu guda biyu ko uku da ƙafarsu ke da lafiya ka auna gaba da baya, ka ɗauki mafi tsayi a matsayin na asali tunda tsofaffin sifirin suna zama, sai ka cire santimita biyu da rabi. Yadda bambancin gaba da baya yake a wancan awon, haka za ka bar shi. Kada baya ya fi gaba nutsewa, domin ranar da ka ɗauki mutum uku a baya da buhun shinkafa daga Mile 12, ita za ta fara zama a kan roba.

Amma kada ka amince da madigadi shi kaɗai. Tokumbo da yawa sun shigo ne bayan haɗari, mai bugun bodi ya miƙar da su, kuma madigadin hagu da na dama ba lallai su zo daidai ba. Mutane kan ɓata yini suna bin tazarar madigadi ƙafa bayan ƙafa har su murɗe motar. Ƙara awo na biyu daga ƙasa zuwa wuraren da ake sa jak a ƙarƙashin ƙofa, guda huɗu. In awon biyu suka saɓa, na wurin jak ne gaskiya.

Koyiloba iri biyu ce, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Akwai wadda zobe ɗaya ne ke yin komai: ka sauke zoben da sifirin ke zaune a kai, mota ta sauka, amma duk abin da ka sauke daga tafiyar shokozoba ka cire shi. Akwai kuma wadda gindinta ke murɗuwa daban, jikin shokozobar yana shiga cikin kwanon ƙasa. In irin ta biyu gare ka, zoben sifirin ba na tsayi ba ne. A ɗaga mota, taya na lilo, a murɗa zoben sama har sifirin ya daina motsi da hannu, a ƙara kamar milimita 4 ko 5, a kulle, hagu da dama iri ɗaya, kada a sake taɓa shi. Tsayi da gindin ake nema. Sau da yawa nakan tarar an saki zoben har sifirin yana kwaramniya in taya ta ɗaga, ko an matse shi tamau wai don motar ta yi tauri. Matse sifirin mai murɗi iri ɗaya ba ya ƙara masa tauri, tafiyar ƙasa kawai yake cinyewa, sai taya ta riƙa barin kwalta a kan rami. Taurin yana jikin ƙarfen, yawanci ma an buga lambarsa a jiki. Kuma wajen ɗaga motar, lura da yawan zaren da ya rage a cikin kwanon ƙasa. A ƙafar Camry wannan kwano ne ke ɗauke da duk ƙarfin kwana da birki, in zaren da ya kama kaɗan ne, ba wurin kasada ba ne. Masu ƙera su kan nemi kusan santimita 8 a irin wannan ƙafa.

A Camry, santimita ɗaya a jikin koyiloba kusan santimita ɗaya ne a taya, wannan ya sauƙaƙa aikin. Ka auna tsawon zaren da ke waje a ƙafar hagu da ta dama su zo daidai, gaba biyu tare, baya biyu tare. Dalili kuwa, in ka ɗaga kusurwa ɗaya ita kaɗai, nauyi yana ƙaruwa a kanta da kuma tayar da ke gicciye da ita, ragowar biyun su yi sauƙi. Motar za ta iya tsayawa daidai a ido amma ta fi son kwanar hagu a kan ta dama, birki ma ya riƙa ɗaukar ta gefe. Masu tsere suna ɗora kowace taya a kan sikeli su daidaita gicciyen biyu rabi da rabi. Kai ba ka buƙatar wannan, in dai ka tafi bibbiyu kuma bambancin hagu da dama bai wuce milimita 5 ba. A cire linkej ɗin sitabilaiza, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafa da sandar hana mota kwanciya, ɗaya a gaba, ɗaya a baya kafin a fara, don kada sandar ta riƙa ɗaga gefe. Bayan kowane murɗi a sauke motar, a tura ta gaba da baya 'yan mitoci, a danna ta, sannan a auna. Motar da aka sauke daga jak ba a gangara da ita ba ƙarya take faɗa, tayoyin sun maƙale a inda suka dira.

Idan tsayin ya zauna, sai a mayar da linkej. Ya kamata kusarsa ta shige ramin da hannu alhali mota na kan tayoyinta. In sai an danna sanda da ƙarfi, tsawonsa bai dace ba, a nemi mai murɗuwa.

Akwai wani mataki da kusan kowa ke tsallakewa. Bushin ɗin roba manne yake da ƙarfensa na ciki da na waje, ba juyawa yake ba, murɗuwa yake. In an ɗaure kusarsa a wani tsayi, aka koma wani, robar tana nan a murɗe dare da rana har ta tsage, kuma kafin ta tsage tana riƙe motar sama ko ƙasa da inda ya kamata. Duk kusar da ta ratsa bushin a kwance, musamman hannayen baya da bushin gaba na lowa'am, a sassauta ta a sake ɗaurewa alhali nauyin mota na kan taya. Ramin gareji ake buƙata ko lif mai faranti. In ka ga yaron gareji yana ɗaure su mota na lilo a sama, dakatar da shi. A duba kuma tiyon birki da wayar ABS, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbatar ba sa ja, ba sa goga.

Don ka san ko ƙafar na da sauran wurin nutsewa, ɗaura siririyar igiyar roba, irin ta ɗaure wayoyi, a sandar shokozoba, ka tura ta ƙasa ta zauna a bakin jikin, ka yi zirga-zirgarka ta kullum, ka dawo ka duba inda aka tura ta. In kullum tana can sama a matse da robar ƙarshe, a kan robar kake tafiya ba a kan sifirin ba, kuma wannan ne tsalle-tsallen da mutane ke ɗauka taurin motar tsere ne. Nakan so kusan kashi biyu cikin uku na tafiyar shokozoba ya rage don nutsewa, ɗaya don miƙewa. Tunda tokumbo ce, a duba ko tana zubar da mai, ko ɗaya ta fi ɗaya laushi. Koyiloba da ta mutu, ba saitin da zai tashe ta.

Daga nan ka hau motar kamar mako guda, a hankali, da tsofaffin tayoyin in wayar cikin tayar ba ta fito ba, bayan an ɗan gyara to-in na wucin gadi. In waya ta fito, yau za a cire su. Ka sake awo. In bai motsa ba, sai a sa sababbin tayoyi a nufi wurin alaimen.

Can ma kada a hau na'ura sai an girgiza ƙafafun. Tarod, boljoyin, bushin lowa'am, boris, duk wanda ke da wasa a canza shi. Wata huɗu a wancan tsayin, zan yi mamaki in bushin ɗinka sun tsira. Na'ura ba ta san ƙarfe na wasa ba, lamba za ta ba ka, ka fita ka taka rami ɗaya lambar ta canza. A juya kowane rim a gani ko ya lanƙwashe. Wata 'yar magana a gefe: ramin tsakiyar rim na wannan Camry milimita 60.1 ne, rim ɗin kasuwa galibi nasu ya fi faɗi, in ba a sa zoben cike gibin ba za ka yi ta biyan kuɗin balansin sitiyari bai daina rawa ba.

Wurin da za ka je ya zama mai auna ƙafa huɗu. Wanda zai kwanta a gaban mota ya murɗa tarod har sitiyari ya miƙe, ya ce an gama, rabin aiki ya yi. Baya ne ke ƙayyade inda mota ta dosa. In tayoyin baya suna kallon dama kaɗan, motar a karkace za ta yi tafiya, kai kuma ka riƙe sitiyari a karkace don rama wa. Shi ya sa daga baya ake farawa: kambar baya, to-in na baya, sannan a dawo gaba a duba kasta, wato jinginar ƙafa zuwa baya, a saita kamba, to-in na gaba ya zo ƙarshe, domin duk abin da aka taɓa kafin shi yana motsa shi. Ka zauna a kujerar direba lokacin awon, ko a ɗora abu mai nauyinka. Ka tabbatar an zaɓi Camry ta shekararka a kwamfutar, kuma ka nemi takardar awo ta kafin aiki da ta bayan aiki. Kada koren launi ya rufe maka ido. Sassaucin da kamfani ya bayar yana da faɗi, hagu na iya zama a wannan ƙarshen, dama a wancan, duka kore, mota kuma tana ja. Lambobin za ka karanta.

Ga abin da zan nema a motarka. To-in na gaba sifili, ko ɗan tsukewa da bai kai milimita ɗaya ba, kada ya buɗe ko kaɗan. Na baya ya tsuke, kamar yadda Toyota ta rubuta, jimillar milimita 4 in a bakin taya aka auna, an raba daidai tsakanin hagu da dama. Wannan tsukewar ta baya ita ke riƙe motar ta tafi a miƙe a kan babban titi da cikin ruwan sama, kada wani ya mayar maka da ita sifili wai don tsimin taya. A wannan Camry hannun baya yana da wurin murɗawa, ba sai an sayi komai ba. Kambar gaba ta kwanta ciki kusan digiri 1, ta baya kada ta wuce ɗaya da rabi. Abin da ya fi lambar kanta muhimmanci shi ne hagu da dama su yi kusa, bambancin ya gaza rabin digiri. Kasta, wato jinginar ginshiƙin ƙafa zuwa baya da ke sa sitiyari ya dawo da kansa bayan kwana, a Camry kusan digiri 3 ce kuma ba ta da wurin saiti. Duba ta kawai ake yi. In gefe ɗaya ya bambanta da ɗayan sosai, wani abu ya lanƙwashe ko gadon inji ya gusa, can za a nema.

A nan ne maganar kusar kamba ta shigo. Da saukar ta dawo santimita biyu da rabi, mai yiwuwa kambar ta dawo cikin iyaka da kanta. In ba ta dawo ba, fara duba koyilobar: da yawansu ramin kusar sama dogo ne, wasu kuma suna da faranti mai zamewa a saman ƙafa, ƙarƙashin bonet. Sau da yawa mai ɗaurawa ya bar hagu a wani wuri dama a wani wuri, shi ke nan duk matsalar. In babu ko ɗaya, sai kusa. Toyota tana da nata kusoshin masu ɗigo ɗaya, biyu ko uku a kai, kowacce da sirantarta, su na fi so. Na kasuwa masu ƙusumbi suna aiki, amma sun fi na asali siranta, a ramin sama kaɗai ake sa su, kuma a ɗaure da sifana mai awo gwargwadon ƙarfin da mai ƙera su ya faɗa. Wadda ba a san asalinta ba kada ta hau motarka, waɗannan kusoshi biyu su ne ke riƙe taya da ƙafa. Bayan an saita a zura yatsa tsakanin taya da jikin koyiloba a ga akwai sarari.

In ba ka samu wurin na'urar da ka yarda da shi ba, zare yana yin aikin, kuma a hannun mai haƙuri ya fi na'urar da aka shekara ba a daidaita ta ba. Sanduna biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya a gaban mota ɗaya a baya, zare biyu a miƙe a tsayin tsakiyar taya, a gyara har tazarar zare da tsakiyar rim ta zo daidai hagu da dama a gaba, haka a baya. Sai a auna daga zare zuwa bakin rim na gaba da na baya. A rim 18, milimita ɗaya kusan kashi ɗaya cikin takwas na digiri ne. Wancan 4 na Toyota a bakin rim yana komawa kusan milimita ɗaya da rabi kowace taya, kada a rikita su. Kamba kuma da zare mai nauyi a ƙasa: bambancin milimita 8 tsakanin bakin rim na sama da na ƙasa kusan digiri ɗaya ne.

Karkacewar sitiyari da jan mota abu biyu ne, kada ka bari a haɗa maka su. Sitiyari a karkace mota na tafiya a miƙe, tarod ne ba a raba daidai ba, ko baya ne ya kauce. A kulle sitiyari a tsakiya a gyara daga tarod biyun, kada a cire sitiyarin a sake dasa shi. Ja kuwa, in ka saki hannu mota ta nufi gefe, ba daga to-in yake zuwa ba. Mota tana bin gefen da tayarsa ta fi miƙewa tsaye, ko gefen da kastarsa ta fi ƙanƙanta, ko kuma taya ce da kanta. Musanya tayoyin gaba hagu da dama, in ba masu kibiyar da ke nuna ɓangaren juyawa ba ne. In jan ya koma ɗaya gefen, taya ce. Kuma tun 1972 hannun dama muke bi, titi kuma ana gina shi da ɗan gangare zuwa gefe don ruwa ya sauka, saboda haka ɗan zamewa dama a hankali a layin dama ba ciwo ba ne. Gwada a layuka daban-daban, da sassafe kafin titi ya cika.

Ƙananan abubuwa biyu da suka rage: in motarka tana da VSC, wato na'urar hana mota zamewa, a sa kwamfuta a sake nuna mata tsakiyar sitiyari bayan alaimen, in ba haka ba za ta iya kama birki a kwana ba dalili. A kuma sake saita fitilun gaba, tunda tsayi ya canza. Wurin binciken mota na kwamfuta da jihar Legas ke ba da takardar lafiyar mota ana duba fitila da birki da ƙafa. Notin taya kuma 103 Nm ne a sifana mai awo, ba tsalle a kan sanda ba.

Zaren koyiloba ba ya shiri da garin nan. Iskar teku da ruwan kwata da yashi, damina ɗaya ta isa ta haɗe zobe da jiki har sai an sa wuta, wuta kuma tana kashe shokozoba. Tun yanzu da za a kwance su, a wanke zaren da buroshi, a shafa man hana tsatsa, in ka samu rigar da ake sa musu ka sa. Duk ranar da ka ratsa ruwa, ka sa a watsa musu ruwa mai tsabta a wurin wanki. Bayan an gama komai, ɗauki fenti ka ja layi ɗaya da ya ratsa kowane zobe da jikinsa, da kan kowace kusar kamba da ƙarfen da take kai, ka rubuta awon kusurwa huɗun ka ajiye tare da takardar alaimen. Ranar da ka faɗa babban rami, leƙa layukan. In sun rabu, ko sitiyari ya sauya zama, koma a auna a makon, kada ka jira taya ta nuna.